Ranar da Baba Ya Mayar da Aska Cikin Zabira

Jama'a, ku dakata da turo mini barka tukuna. Na ga saƙonninku, kowa yana son jin yadda zuwan dangin saurayin Najat ya kasance, kuma zan faɗa muku. Amma ku sani, ranar Lahadin da suka zo saura kaɗan aska ta cire wa ɗana abin da ba a mayarwa. Ba kowa ya jawo ba sai ni, da bakina da na rufe har wata goma.

Ga wanda yau ya fara karanta ni, sunana Abdulsalami, tela ne ni a unguwar Maamobi, shekarata arba'in da takwas. Matata Fatu, 'ya'yanmu mata uku, babbarsu Najat. Mun ɗauka haihuwa ta ƙare, har Fatu ta rabar da zannuwan goyo, sai ga namiji. Ranar da aka kira ni aka ce namiji ne ina kan keken ɗinki, don murna na ɗinke wa wani bawan Allah wuyan riga ruf, ba wurin sa kai. Muka sa masa suna Abdulhafiz.

Kwana biyu da haihuwa ungozoma ta kira mu gefe, ta buɗe zanen yaron ta nuna mana. Ƙofar fitsarinsa ba ta kai ƙarshen gabansa ba, ta tsaya daga ƙasa. Fatar kaciyar ma rabi ce, ta rufe sama kamar hula, ƙasa a buɗe. Kafin suna Fatu ta zo mini da sunan wata likita mai yi wa yara tiyata a babban asibiti, Dakta Nasira. Ban tambaye ta inda ta samo sunan ba. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Dakta Nasira 'yar Zongo ce, wato unguwanninmu na Hausawa, 'yar Kotobabi, da Hausa ta yi mana magana. Ta duba yaron, ta dubi hannuna.

“Tela ne kai?”

Na ce, “Ƙwarai.”

“In riga ta gaza tsawo, ina kake samo abin ƙari?”

“Daga ragowar yadin, in mai shi bai zubar ba.”

“To wannan fatar ita ce ragowar yadina. Da ita zan ƙarasa masa hanyar fitsarin idan ya kusa shekara, in haɗa da kaciyar gaba ɗaya. Kafin nan kada kowa ya taɓa ta. Ka ji ni? Kowa.”

Na ce na ji. Abin da ban faɗa mata ba shi ne ko ɗan waye ni.

Mahaifina shi ne Sumaila Wanzam. In kai namiji ne ɗan unguwar Nima, ka haura shekara ashirin, je ka tambayi tsohuwarka, ƙila ta hannunsa ka bi. Tun yana saurayi ya zo daga Dogondutsi da zabira a kafaɗa. Shekara uku ke nan da ya ajiye aiki saboda yanar ido ta rufe masa gani, amma ya ware aska ɗaya ya naɗe a farin ƙyalle, yana cewa, “Wannan ta ɗan Abdulsalami ce, da ita zan rufe.” Lokacin mutane dariya suke yi, don sun ga Fatu ta haura arba'in. Ni kuwa tsakanina da sana'ar gidanmu akwai tsohuwar kunya. Ina ɗan shekara goma sha biyu Baba ya sa ni riƙe wani jariri, na ga jini, na suma na faɗa cikin tasar ruwa. Bai taɓa yi mini gori ba. Washegari ya kai ni wurin tela, shi ke nan.

To ku faɗa mini, da wane baki zan ce wa wannan tsoho jikan da ya jira ya zo da matsala a daidai wurin da shi ya fi kowa sani? Ga kuma ƙofar ɗakinsa, nan ne majalisar tsofaffin unguwa, abin da aka faɗa da hantsi kafin azahar ya kai Circle, can tsakiyar gari. Ga Najat da saurayinta Muftahu, magana ta fara ƙarfi. Na kwanta na tashi ina jin muryar mutane a kunnena: gidan nan mazansu ba su da lafiya, kada a kai iri can. Sai na zaɓi ƙarya.

Ranar suna, ranar da ake yin kaciya a wurinmu, na ce wa Baba yaron yana da shawara, likita ta ce a jira. Bayan wata biyu na ce bai yi nauyi ba. Bayan nan na ce zafi ya yi yawa, ciwo ba zai warke da wuri ba. Da damina ta zo na ce sanyi. Kullum sai ya ce, “To,” ya ja carbinsa. Fatu kuma ta hana kowa yi wa yaron wanka, ita da Najat kawai, ƙofa a rufe. Yayata Memuna, wadda ita ta wanke duk 'ya'yan danginmu, ta yi fushi har ta daina aiko mana da waakye, shinkafa da waken da take dafawa.

Fatu ta sha ce mini, “Baban Najat, ka faɗa wa tsohon nan gaskiya. Ƙarya ta ƙare maka, saura ka ce wata ne bai tsaya daidai ba.”

“Bari a yi aikin tukuna.”

“Shekara ashirin da huɗu ina tare da kai, ko allura ka ɓatar sai ka yi rama. Dubi wuyanka.”

“Wuyan da kika gani kika ce kina so.”

“Lokacin da nama a jiki.”

An sa mana ranar tiyata, wata Talata. Dangin Muftahu kuma suka ce za su kawo goron gaisuwa ranar Lahadi, kwana tara kafin nan. Na ce alhamdulillahi, kwana tara ne kawai suka rage, na ci nasara.

Shi Muftahu nas ne a ɓangaren yara na babban asibitin. Na san da haka. Amma suruki ne, ko gaisawa muke ni ina kallon keken ɗinki, shi yana kallon takalminsa. Ta yaya zan buɗe baki in yi zancen gaban yaro da mai neman 'yata? Na gwammace in yi ta tambayar waya, tana nuna mini hotunan da ke hana ni cin abinci.

Lahadi da safe gida ya cika. Fatu da maƙwabta suna kan murhu, an ɗora tuwo da miyar ayoyo, ga shinkafa, ga kaji. Najat ta sha lalle, tana yawo da waya a hannu tana murmushi ita kaɗai. Ni na sa babbar rigata ruwan toka, wadda na ɗinka da kaina na kai wa mai aikin zare a Kokomlemle. Sai ga Yaya Memuna ta shigo da fara'a, abin da ta daɗe ba ta yi ba, har da kular waakye.

“Ei, Fatu, hayaƙi zai kashe yaron nan. Kawo shi in zaga da shi waje.”

Fatu hannunta cikin kaji, ta kwance goyo ta miƙa mata. Ni ina ƙofar gida ina karɓar kujerun roba da Muftahu ya rako a kan babur ɗinsa. Ta wuce ta gabana da yaron a baya, har na ce mata, “Yaya, yau an huce ke nan?” Ta ce, “Yau kam sai murna.”

Bayan kamar rabin awa Najat ta fito da gudu, ba mayafi.

“Dada! Dada, ji wannan!”

Saƙon murya ne a gurup ɗin dangi, muryar Yaya Memuna tana haki: “Salamu alaikum 'yan uwa. Yau murna biyu ce, tukunya ɗaya. Yaro wata goma a gidan wanzami ba kaciya, mun gaji da surutun mutane. Na kawo shi wurin Baba, an ɗora ruwan zafi. Kowa ya zo da yamma ya ci shinkafar gaisuwa ya ci ta kaciya.”

Jama'a, ban san lokacin da kujerar da ke hannuna ta faɗi ba. Na kira wayar Yaya, tana ƙara ba a ɗauka. Ta Baba kuwa kullum a kashe take cikin aljihu, sai Juma'a ake kunna masa. Fatu ta fito da ludayi a hannu tana salati. Sai na ji an tayar da babur.

“Dada, hau.”

Muftahu ne. Wannan ne karo na farko da ya kira ni Dada, kuma karo na farko da ya dube ni cikin ido. Na tattare babbar riga na hau. Da farko na riƙe ƙarfen baya saboda kunya. Da muka faɗa rami na farko, kunya ta tafi, na rungume cikin surukina da hannu biyu kamar amarya.

Kun san Nima ranar Lahadi. Kowane layi an kafa rumfa, nan biki, can suna. Muka shiga layin farko, rumfa. Muka juya ta bakin babbar kwata, wata rumfar, mata sun cika hanya da anko ruwan goro suna rawa, an ƙure sauti. Muftahu ya jingine babur jikin wani shago ya ce, “Da ƙafa!” Muka kutsa tsakiyar masu rawa. Wata ta ga babbar riga ta ɗauka uban ango ne, ta riƙe mini hannu tana juyi, mai kiɗa ya fara yi mini kirari. Na ce, “Hajiya sake ni, ɗana!” Ta ce, “Yoo, Allah ya ba su zaman lafiya!” Takalmina ɗaya a nan ya tsaya, har yau ban koma nema ba.

Lungun gidan Baba mutum biyu ba sa jerawa. Ina gudu ina kasa kunne, don na san irin kukan da yaro yake yi a wannan lokaci, na taso ina jin sa. Shiru. Shirun ya fi kukan ba ni tsoro. Na banka labule.

Ga tasa da ruwa yana tururi. Ga auduga. Ga farin ƙyallen nan a shimfiɗe kan tabarma, askar tana kai tana sheƙi. Yaya Memuna a tsugune ta rufe baki da gefen zane. Ga Baba a zaune, hannuwan riga a naɗe, Abdulhafiz a kan cinyarsa tsirara yana tsotsar carbi yana dariya.

Na faɗi a gwiwa na ɗaga yaron na duba. Komai yana nan. Ko ƙwarzane babu.

Baba ya ce, “Wannan hakin na Abdulsalami ne. Zauna.”

Na zauna.

“Memuna, kwashe ruwan nan, a yi shayi da shi in an ga dama.” Ya juyo da fuskarsa inda yake jin numfashina. “Idona ya tafi, yatsana bai tafi ba. Ban taɓa ɗora aska ba sai yatsa ya zaga ya dawo. Yau ya zaga, bai sami hanyar dawowa ba.”

“Baba, likita ta ce…”

“Ta ce kada a taɓa, da fatar za a yi gyara. Na sani. Shekara hamsin da wani abu, irinsa tara na gani. Na farkon ina da ƙuruciya, na ce ai mala'iku ne suka fara, bari in ƙarasa. Na yanke. Bayan shekaru uban ya zo ya tsaya a ƙofar nan, bai zage ni ba, ya ce mini kawai likitoci sun nemi abin ƙari sun rasa, yaron ya sha wuƙa sau uku. Sauran takwas ɗin da kaina na raka iyayensu tashar mota su tafi asibiti.” Ya gyara wa yaron zama. “Kai kuma wata goma kana kawo mini zafi da sanyi.”

“Kunya na ji, Baba.”

“Kunyar wa? Ni na zauna a nan ina cewa yaron nan ya raina hannuna. Ya ga na tsufa, ya ga aikin gidansu aikin ƙauye ne. Ko Memuna ban faɗa wa ba, amma abin ya ci ni.”

Ni da furfura a gemu, sai ga ni ina kuka a gaban ubana, babbar riga duk ƙasa, ƙafa ɗaya ba takalmi. Abdulhafiz ya ga abin dariya ne, ya kama hancina yana ja. Baba ya lalubo kaina ya dafa, kamar ranar da na faɗa tasa.

“Wa ke tsaye a ƙofa? Ina jin mutum.”

Muftahu ya juya mana baya tun da muka shigo, yana kallon bango. Na ce, “Mai neman Najat ne. Shi ya kawo ni.”

“Shigo, yaro. Ka ji abin da bai kamata baƙo ya ji ba.”

Ya shigo ya durƙusa. “Baba, ai na sani.”

Na ce, “Ka san me?”

“Tun kafin suna Najat ta turo mini saƙo tana kuka. Ni na ba Mama Fatu sunan Dakta Nasira.”

“Mutanen gidanku fa?”

“Na faɗa wa mahaifiyata tun lokacin. Ta ce, to, Allah ya ba shi lafiya, Najat ɗin ta iya tuwo?”

Baba ya yi dariya har ya sarƙe da tari. “Ka ji. Matarka ta sani, 'yarka ta sani, surukinka ya sani, uwar surukinka ta sani. Wanzami kaɗai aka ɓoye wa.”

Yaya Memuna kuwa sai ta ɗora hannu a ka. “Wayyo ni Memuna, da na kashe kaina! Abdulsalami, me ya sa ba ka faɗa mini ba? Ni mai surutu ce? Wallahi maganar nan a cikina za ta mutu.”

Kafin la'asar duk layinmu an sani.

Abin da na ji tsoro wata goma ya faru a yini ɗaya, kuma kun san me ya biyo baya? Dangin Muftahu suka zo da goronsu, Baba ya karɓa, aka yi fatiha, aka ci tuwo har aka sa hannu a tukunya. Kawun Muftahu ya ɗauki Abdulhafiz ya tofa masa addu'a. Washegari maƙwabta suka fara aiko da koko da ƙosai wai na mai jinya, yaron da ko haƙori huɗu bai cika ba. A cikin satin mata biyu suka zo wurin Fatu ta ƙofar baya, kowacce da yaro a goye, murya ƙasa ƙasa, suna tambayar ranar da likitar take ganin mutane.

Da na sami Fatu ita kaɗai na ce, “Ashe ke da 'yarki kun mayar da ni wawa.”

Ta ce, “Ba mu mayar da kai ba, mun dai bar ka yadda muka same ka.” Ta tura mini cinyar kaza. “Ci, wuyan nan ya dawo.”

Ranar Talata Baba ya ce ƙafarsa ƙafarmu. Ya sa farar riga, ya rataya zabira. Na ce, “Baba, ba za su bari ka shiga da ita ba.” Ya ce, “Wa ya ce shiga zan yi? Ka taɓa ganin na je kaciya hannu sake?” A mota ne ya ji cewa likitar mace ce. Carbinsa ya yi ta ja tun daga Circle har ƙofar asibiti.

Da ta fito da koren kaya da hula, ta gan shi, sai ta rusuna.

“Baba Wanzam! Kai ka yi wa ƙannena uku a Kotobabi, gidan mai burodi.”

“Suna lafiya?”

“Duk sun yi aure, 'ya'ya sha ɗaya.”

Baba ya gyara tsayuwa. “To madalla. Miƙo hannunki.” Ta miƙa. Ya laluba yatsunta ɗaya bayan ɗaya, ya ce ta miƙe hannun a iska, ya ɗora nasa a kai ya ji ko yana rawa. Nas-nas sun tsaya suna kallo. “Kin karya kumallo?”

“Na karya, Baba.”

“Da me kike ɗinki?”

“Da zaren da ya fi gashin kai siranta. Sai na sa gilashi nake ganin sa. Ba a cirewa, da kansa yake narkewa.”

Nan ni ma na matso, don an zo fagena. Na ce, “Dakta, ɗinki ɗaya ne ko ana ninkawa?” Ta ce ana ninkawa, ta kan shimfiɗa wani a kan wani don kada ya yi yoyo. Na ce haka ake yi wa aljihu. Fatu ta taka mini ƙafa.

Baba ya ce, “Abu ɗaya nake roƙo. Abin da ya rage, a ba ni. Ba a zubar da namu a shara.” Ta ce za ta gani. Ya karɓi yaron, ya yi bisimilla a kunnensa kamar yadda yake yi kafin ya ɗora aska, ya miƙa mata da hannu biyu.

Awa biyu da rabi muka yi a benci. Ni na zaga barandar nan har mai shara ta ce in ɗaga ƙafa ko in karɓi tsintsiya. Fatu tana ja mini riga ina zama, in sake tashi. Ɗakin tiyata ba ɓangaren Muftahu ba ne, amma yana leƙowa yana turo wa Najat saƙo, ita kuma tana karanta mana: “Sun fara.” “Komai lafiya.” “Ki ce wa Dada ya sha ruwa.”

Da likitar ta fito ta sauke abin rufe baki, murmushinta na fara gani. Ta ce aiki ya yi kyau, an kai ƙofar inda ya kamata, an yi kaciya. Ta ciro ɗan ƙullin auduga ta sa wa Baba a tafin hannu. “Yadin ya shige aiki kusan duka. Ragowar ke nan, bai kai farcen jariri ba.” Baba ya buɗe zabira ya sa a ciki. Da yamma ya sa na haƙa rami a gindin dalbejiyar gidansa, inda nawa da na 'yan uwana suke, ya binne da hannunsa. Ya naɗe askar nan a farin ƙyallenta, ya mayar cikin zabira, ya ce in rataye masa a ƙusa ta sama. “Na rufe,” in ji shi. “Da hannun 'yar mai burodi na rufe.”

Kwana goma yaron ya yi da siririyar roba a gabansa, fitsari yana bi ta ciki. Famfas biyu ake sa masa, ɗaya kan ɗaya. Na ɗinka masa 'yan riguna masu faɗi har shida don kada komai ya goge shi, Najat ta ce ya zama limamin Maamobi. Ranar da aka cire robar likita ta ce mu koma gida mu lura da fitsarin farko, ta ina zai fito, kuma a tsaye yake ko a warwatse.

Ban taɓa ganin taro irin wannan don fitsari ba. Tsakar gida ta cika: Fatu, 'yan matan uku, Yaya Memuna, maƙwabta biyu da suka ce aron gishiri suka zo. Muftahu ya taso daga aiki ya sa farar shadda, don ranar ce zai fara cin abinci a gidanmu a matsayin suruki. Aka kawo Baba aka ba shi kujera a inuwa. Fatu ta kawo baho na roba.

Baba ya taɓa shi ya ce, “A'a. A kawo tasar ƙarfe. Ku za ku gani da ido, ni da kunne zan gani.”

Aka kawo tasa. Aka ba yaro nono, aka ba shi ruwa, aka ba shi kankana. Ya sha ya ƙoshi ya ƙi. Awa ɗaya. Yaya Memuna tana zuba ruwa daga buta zuwa kofi wai ya ji ya yi sha'awa. Najat tana yi masa “sssss” har bakinta ya gaji. Shi kuwa yana kallonmu ɗaya bayan ɗaya yana tafi. Awa biyu. Na ce ko hanyar ta toshe ne, a kira likita. Muftahu ya ce, “Dada, tsoron zafi yake ji, kawo shi.” Ya sa a ɗumama ruwa ya jiƙa masa ƙafafu, ya tsayar da shi a gaban tasar yana riƙe da hammatarsa, yana yi masa wata waƙa da yaren Dagbani a hankali.

Sai muka ji ƙarar ƙarfe. Siririya, doguwa, ba yankewa.

Baba ya ɗaga yatsa sama, kowa ya yi tsit. Ya karkata kai yana saurare kamar mai jin karatu.

“Zare ɗaya ne,” in ji shi. “Daga bisa yake sauka. Ya miƙe!”

Yaya Memuna ta rangaɗa guɗa. Yaron ya firgita ya juya, ya ƙarasa sauran a gaban farar shaddar Muftahu, tun daga ƙirji har gwiwa. Najat ta faɗi ƙasa don dariya. Fatu ta ce, “Shi ke nan, ƙanin amarya ya sa hannu, ba fashi.” Muftahu ya ce wallahi ba zai wanke rigar ba, Najat ta ce to ba dai a ɗakinta ba. Ni kuma ina tsaye ina dariya hawaye yana zuba, sai na ji Fatu ta kama hannuna a gaban mutane, abin da ba ta taɓa yi ba tun da aka kawo ta.

An sa bikin Najat bayan Babbar Salla. Ɗinkin ango a hannuna yake, kuma farar shadda zan fara yi masa.

Amma Dakta Nasira ta gargaɗe mu tun ranar aiki. Ta ce wani lokaci bayan an cire roba ɗinkin yakan buɗe ɗan ƙaramin rami daga ƙasa, kamar hudar allura, fitsari ya riƙa ɗiga ta nan. In haka ta faru sai an jira watanni a sake komawa tiyata. Yau kwana uku muna jin tasa tana ƙara yadda ya kamata. Da safen nan, bayan wanka, ya yi fitsarinsa a miƙe, sai Fatu ta ga ɗigo ɗaya yana rataye daga ƙasa, daidai kan ɗinkin. Ta goge, muka jira na gaba, ya yi shi cikin famfas yana barci.

Ban buɗe shago ba. Na sa takalmi na tafi Nima kai tsaye, na zauna gaban Baba na faɗa masa, a gaban tsofaffin majalisarsa duka. Ya ce na kyauta, ya ce in kira likita a gabansa. Na kira, ta ce mu kawo shi ranar Alhamis.

Ko ɗigon nan ruwan wanka ne, ko ɗinkin ne ya buɗe, ban sani ba. Fatu ba ta sani ba, Baba ma ya ce wannan kunnensa ba zai ji shi ba. Yau Litinin.